Goggo Mai Ɗori da Ranar da Garinmu Ya Yi Shiru

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai koma. Goggo, yayar mahaifina, ta cika ranar Talata da hantsi, muka kai ta makwancinta kafin azahar. Yau kwana tara ke nan, zuciyata ba ta sauka ba. An yi ta gaya mini cewa mai zaman makoki ba ya fushi. To, ni ina yi.

Ban taɓa ganin Illela ta fito wa gawar mace kamar yadda ta fito wa tata ba. An zo daga Amarawa, an zo daga Tozai, har daga ƙetaren iyaka wasu suka tako da ƙafa. Da aka gama rufe kabari liman ya ɗaga hannu a yi addu'a, kowa ya ɗaga nasa, ni kuwa sai na tsaya ina kallon hannayen. Ga na mahaucin bakin kasuwa, wanda sa ya taɓa takewa. Ga na mai haƙar rijiya, wanda ƙasa ta rufta wa. Ga na wani, ga na wani. Duk ita ta ɗora su, na san su ɗaya bayan ɗaya. Kuma na san inda kowane mai hannu yake tsaye ranar da aka durƙusar da ita cikin rana a gaban jama'a.

Muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, masu gaisuwa suka yi ta zuwa. Wannan ya ce, "Uwa ce ga kowa." Wancan ya ce, "Ba ta bar irinta ba." Ina amsawa yadda aka saba, ina cewa Allah ya ba da lada, bakina kamar na tauna ɗanyen maɗaci. Can sai ga mai ƙirgi, babban dillalin fatun garinmu, ya tsufa yanzu yana dogara sanda. Aka ba shi wuri kusa da ni. Ya kama hannuna ya ce, "Mun yi rashi, ɗana. Garin ga duk ya yi rashi. Allah shi jiƙanta."

Ƙanena da ke gefe ya danne mini ƙafa da tasa, don ya ga yadda fuskata ta koma. Amin ɗin ma ban iya faɗa ba.

Mutum ɗaya ce kukanta ya shige ni. Wata tsohuwar Bafillatana ce daga wata ruga a bakin iyaka, wadda ta saba kawo wa Goggo man shanu na shafa wa masu karaya. Ba ta ji labari ba, ta zo da ƙwaryarta a ka kamar kullum. Da ta ga tabarmi da taron maza sai ta tsaya cik. Ta sauke ƙwaryar a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka, ta fasa kururuwa da Fillanci. Mata suka fito suka ja ta ciki suna cewa ta yi shiru, babu kyau. Ni da za su bar ta, da na gode musu.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne na ga an fara gyara ta. Tun ba ta yi sati a ƙasa ba an mayar da ita wata salihar tsohuwa mai sanyin magana wadda kowa ya so. Goggo ba haka take ba, kuma ba haka aka yi da ita ba.

Gajeruwa ce, baƙa, mai manyan tafin hannu kamar na maƙeri. Kullum da garin taba a ƙasan leɓenta, kuma harshenta ya fi tabar kauri. Ɗori gadon gidanmu ne. Kakanmu yana da ɗiya maza uku, amma duk ba su iya jure kukan mai karaya ba, ita ce ta tsaya. Ta ba ni labari cewa yakan fasa ƙashin akuya, ya zuba guntayen cikin jakar fata ya ɗaure baki, ya ce ta haɗa su ta waje da yatsu ba tare da ta gani ba. In ta yi kuskure ya sake karkaɗa jakar. Shekaru ta yi tana wannan kafin ya bar ta ta taɓa mutum.

In aka kawo mata mai karaya, ba ta tsayawa doguwar gaisuwa. Tambayarta ta farko kullum ɗaya ce: "Wa ya taɓa shi kafin ni?" In an ce babu, sai ta shafa wurin da yatsu, idonta a rufe. In ƙarya aka yi mata za ta gane, kuma mai ƙaryar zai sha faɗa a gaban kowa, ko da rawani a kansa. Daga nan sai ta ce wa majinyacin ya dubi bango, ta shiga tambayarsa abin da bai shafi komai ba. Akuyarka ta haihu? Surukarka har yanzu tana gaba da kai? Yana cikin amsawa sai ka ji ƙas, ta ja ƙashin ya koma wurinsa. Mutum ya kwarma ihu, ita kuwa ta tofar da tabarta ta ce, "An gama, mi kake wa kuka kuma?"

Nawa hannun ya karye ne a shekarar da Turawa ke kafa turakun iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransi. Aka ɗebe mu aikin dako, muna ɗauke da akwatunansu muna bin su gabas. Lokacin ina da aure, ɗiyata ta fari tana rarrafe. Wata rana muna gangara wani kwazazzabo ƙafata ta zame, na faɗi, akwatin ƙarfe ya biyo ni ya sauka a kan gwiwar hannuna na dama. Muna nesa da gida kwanaki da yawa. Wani soja ya tausaya mini ya ɗaure hannun da itace biyu da tsumman rawani, haka na yi ta bin ayari har muka shiga birni. A can aka nuna ni ga likitan Turawa. Ya duba, ya juya hannun, ya ce ta bakin tafinta ƙashin ya riga ya kama a karkace. Ko in zauna da shi haka, ko in ya dame ni a yanke. Na ce a bar mini abina.

Sai da na yi kusan wata uku kafin na ga ƙofar gidanmu. Ciwon ya lafa, amma gwiwar ba ta da riƙo. In na ɗauki buta sai in ji ta goce baya, hannun ya yi lilo kamar ba a jikina yake ba, sai na sa na hagu na mayar da shi. Ba na iya dogara da shi in tashi daga sujada. Hauya kuwa ba a magana. Damina na matsowa, ga gonar gero, ga mata da ɗiya. Na fara tunanin yadda mutum mai ƙarfi ke komawa mai zaman jiran a ba shi.

Goggo ta yi kwana uku tana duba hannun, kowace safiya, ba ta ce mini uffan ba sai zagin sojan da ya ɗaure shi. A rana ta huɗu ta aika aka karɓo mata ƙafar gaba ta rago a mahauta, ta dafa ta har naman ya zube, ta kira ni ta nuna mini gaɓar.

"Duba nan," ta ce. "Ka ga wanga ɗan haƙori? Shi ka tare ƙashin sama kada shi zame. Naka ya ɓalle, ya koma gefe ya manne inda ba wurinshi ba. Jijiyar da ka riƙe waje kuma ta saki. Ko na ɗaure ka shekara, in na kwance sai ta goce."

Na ce, "To, Goggo, mi za a yi?"

"Sai an buɗe. In ɓamɓaro shi in maishe shi gidansu, in tsuke jijiyar. Ban taɓa yi ma mutum ba. Na yi ma tumaki biyu, ɗaya ta tashi. In ka yarda, to. In ba ka yarda ba, ban ga laifinka ba."

Na yarda. Mahaifina ne bai yarda ba. Ya shigo sashenta da la'asar yana faɗa, yana cewa mu ɗori muka gada ba fiɗa ba, ba za a yanka masa ɗa kamar rago ba. Goggo tana tsinke zare a kan tabarma, ba ta ko ɗaga kai ba sai da ya gama.

"Kai za ka gaya min abin da munka gada?" ta ce. "Ni na goye ka kana ɓata min zane. In an kawo ma Baba mai karaya, ina kake? Bayan rumbu, ka toshe kunnuwa. Yanzu ka dubi yaron ga, ka ce min da wane hannu za shi ci da iyalinshi. Naka?"

Mahaifina ya fita. Washegari shi ne ya riƙe mini kai.

Da hantsi aka yi, a inuwar tsakar gida, don ta ce tana son haske sosai. Tsohon wanzamin unguwarmu, wanda ya rasu ba da daɗewa ba bayan haka, shi ya sa askarsa a wuta ya miƙa mata. Aka ba ni wani jiƙo mai ɗaci na sha, aka sa mini guntuwar fata a baki, maza huɗu suka danne ni. Ta tsaga gefen gwiwar ta waje kamar tsawon yatsa. Na ji yatsanta a cikin namana yana lalube. Na ji lokacin da ta sa wani ɗan ƙarfe da maƙeri ya ƙera mata ta ɓamɓare guntun ƙashin, daga nan ban ƙara sanin inda nake ba. Da na farfaɗo ta riga ta ɗinke jijiyar da fatar da gashin wutsiyar doki da ta dafa, ta shafe wurin da zuma da garin bagaruwa, ta jera karan dawa ta ɗaure hannun a lanƙwashe. Zanenta duk jini.

Na yi zazzaɓi kwanaki, tana gefena. Bayan sati uku ta fara kwance ni kowace safiya tana lanƙwasa gwiwar tana miƙewa a hankali, kuma wallahi wannan ya fi askar zafi. Na zage ta, na roƙe ta, ba ta fasa ba. Ta sa baduku ya ɗinka mini wani marfin fata mai kauri da ke riƙe gefe da gefe ya bar gaɓar tana motsi. Ta fara ba ni ludayi cike da yashi in ɗaga, sannan ƙwarya, sannan guga a bakin rijiya. Waccan daminar 'yan'uwa suka nome mini gona. Damina ta gaba kuwa da hannuna na noma. Har yau ba ya miƙewa duka, kuma in hadari ya haɗu yakan yi mini tsami. Amma tun daga ranar bai sake gocewa ba ko sau ɗaya.

Ni kaɗai ta taɓa sa wa aska a duk rayuwarta. Ina so a riƙe wannan, saboda abin da ya biyo baya.

Shekara biyu bayan haka babban ɗan mai ƙirgi, magidanci mai 'ya'ya, ya faɗo daga kan raƙumi, gwiwar hannunsa ta farfashe har ƙashi ya fasa fata. Ubansa yana ganin girmansa ya wuce a kai ɗansa gidan wata tsohuwa mai taba a baki. Sai ya yanko ɗanyen ƙirgi aka jiƙa, ya naɗe hannun tam. Duk wanda ya san fata ya san yadda ɗanyen ƙirgi ke tsukewa in ya bushe, balle mai sana'arta. Sai da aka kwana biyar, mutumin ya fara sambatu, sannan aka ɗauko shi a kan ƙyaure zuwa gidanmu. Kafin su iso sun yanke ƙirgin, amma wani yanki ya manne da nama bai fita ba. Mahauci na cikin waɗanda suka ɗauko shi. Mai haƙar rijiya shi ya riƙe ƙwaryar ruwa. Tsakar gidanmu cike take da mutane.

Goggo ta yi tambayarta. Mai ƙirgi ya ce babu wanda ya taɓa shi. Ta ɗaga hannun, yatsun sun yi baƙi, wari ya cika gidan. Ta ɓamɓaro guntun ƙirgin ta ɗaga sama kowa ya gani.

"Wanga fa? Daga sama ya faɗo?" Sannan ta sassauta murya, abin da ba ta cika yi ba. "Hannun ga ya mutu. Ba ɗori ka gyara shi ba. Ka aza yaron ga bisa raƙumi yanzu yanzu, ka kai shi birni wurin likitan Turawa a yanke daga damtse. In kun yi sauri wataƙila shi tsira."

Mai ƙirgi ya ce ɗansa ba zai yi yawo da dungu kamar ɓarawo ba. Ta roƙe shi, ta zage shi, ta sake roƙonsa. Ya ƙi. Abin da ta yi kawai shi ne ta wanke hannun da ruwan ɗumi ta lulluɓe shi da tsumma mai tsabta, suka koma da shi gida. Ya kwana uku ya rasu.

Na ɗauka baƙin ciki zai rufe wa uban baki. Ashe neman wanda zai aza wa yake. Da baturen da ke rangadi ya sauka a garinmu, mai ƙirgi ya kai ƙara cewa Goggo ta fiɗe masa ɗa da wuƙa ta kashe shi.

Aka yi zaman a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Bature na kan kujerarsa a inuwa, tafinta a tsaye, Goggo kuwa aka durƙusar da ita can waje cikin rana, mace mai furfura, tun hantsi har rana ta take tsaka. Ta faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ba ta ƙara ba ba ta rage ba. Bature ya sa tafinta ya tambayi jama'a: akwai wanda ya ga ƙirgi a hannun mamacin?

Garinmu ya yi shiru.

Na dubi mahauci, yana kallon yatsun ƙafarsa. Na dubi mai haƙar rijiya, ya juya baya yana gyara hula. Mutum sama da ashirin da suka cika tsakar gidanmu ranar suna nan tsaye. Na san dalili. Mai ƙirgi shi ke sayen fatun kowa, raƙumansa ke kai kayan kowa, kuma yana da kunne a wurin masu zaɓen waɗanda za a ɗiba aikin dako. Na san dalilin, amma sanin bai taɓa rage mini komai ba. Tafinta ya sake tambaya. Ni da mahaifina muka ce mun gani, aka ce mu danginta ne, maganarmu ba ta da nauyi.

A nan na yi wautar da har in mutu ba zan daina jin ta ba. Na kutsa gaba na naɗe hannun rigata, na ce, "Ranka shi daɗe, duba nan. Likitanku ya ce ba ya gyaruwa, ita ta gyara shi. Wadda ta yi wanga ba ta kashe mutum."

Baturen ya taso da kansa. Ya kama hannuna ya lanƙwasa, ya miƙe, ya ja, ya tura, gwiwar ba ta motsa daga wurinta ba. Na ga mamaki a fuskarsa, zuciyata ta yi sanyi na ce mun tsira. Sai ya ɗora yatsa a kan tabon, ya yi magana, tafinta ya juyo.

"Ya ce wa ya yi wannan tsaga?"

"Ita, ranka shi daɗe."

"Da wuƙa?"

"Da aska."

Ya koma kujerarsa ya rubuta a littafi. Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. An tabbatar tana yanka mutane, ga shaida daga bakin ɗan ƙanenta. Saboda tsufanta ba za a ɗaure ta ba, amma daga ranar in ta ƙara taɓa ƙashin wani a ƙasar Ingilishi sai gidan yari. Aka aika gida aka ɗauko kwandonta. Kararen ɗori, igiyoyin fata, ɗan ƙarfen maƙeri, da tsohuwar jakar Kakanmu wadda ta koyi sana'ar da ita, duk aka tara a gabanta aka cinna wuta. Tana durƙushe tana kallo har suka cinye.

A hanyar gida na kasa haɗa ido da ita. Sai da muka shiga zaure ta juyo ta ce, "Wa ya aike ka?" Na fashe da kuka, ina magidanci. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Hannun dai na nan ko? To, tahi gona." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya biyo baya ya fi hukuncin muni. Mutanen da suka san gaskiya, don su samu su iya kwana da kansu, sai suka fara yarda da ƙaryar. Aka laƙaba mata mai fiɗar mutane. Aka daina kiranta suna da biki. Matan da ta ɗora wa 'ya'ya in sun hango ta a bakin rijiya sai su canza hanya.

Amma ƙashi bai daina karyewa a Illela ba. Ba a yi wata biyu ba aka fara raɓowa ta bayan gida ana raɗa. Goggo ta ce a gidan nan ba za ta taɓa kowa ba, ba za ta ja wa ƙanenta masifa ba. Sai ta ɗauki sandarta ta yi arewa, ta wuce turken iyaka da 'yan taku, ta zauna a gindin wani gawo kusa da rugar tsohuwar Bafillatanar nan. Ta ce, "Nan ba ƙasar wancan baturen ba ce. Na nan kuwa bai san da ni ba." Fulanin suka yi mata rumfa, suka yanko mata kara. A can ta ci gaba da aikinta, safe ta tafi yamma ta dawo, shekara da shekaru, har gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta.

Wata rana na raka ta, sai ga mahauci an kawo shi a kan jaki, kafaɗarsa ta goce. Jinina ya hau kaina. Na tsaya a gabanta na ce, "Goggo, wallahi ba ki taɓa shi. Shi tahi wurin mai ƙirgi shi ɗaure mishi da fata."

Ta ce, "Kauce min."

Na ce ban kaucewa. Ta ɗaga sanda ta buga mini a ƙwauri.

"Ran nan bakinshi ya yi shiru ko kafaɗarshi? Kafaɗa anka kawo min. Riƙe min shi nan."

Na riƙe shi. Ta ce ya dubi gawo, ta tambaye shi ko har yanzu yana cusa wa mutane ƙashi a nama, ta ja kafaɗar ta koma. Da ya fara godiya yana kame-kame, ta ce ya ɗauki godiyarsa ya tafi da ita, ba ta da inda za ta ajiye.

Kada wani ya ce ta yafe, domin ban taɓa jin ta faɗa ba. Mai ƙirgi ba ta ƙara gaishe shi ba, in ya gifta sai ta tofar da taba. Ɗansa ne kawai in ta tuna takan ce da sun kawo shi ranar farko da yanzu yana nan yana aurar da ɗiyansa. Kuma babu wanda ya gaje ta. Ba gidan da ya yarda ya ba ta ɗa ko ɗiya ta koyar. Ni na gwada, ta ɗinka sabuwar jaka ta zuba mini ƙashi, amma yatsuna ba sa ji, kuma hannuna ba ya miƙewa yadda zan ja. Abin da Kakanmu ya gada daga nasa kakan, da abin da ita ta gano da kanta a kan gwiwata, duk mun zuba musu ƙasa ranar Talata.

Shekaranjiya aka yi addu'ar bakwai. Taron ya kusa kai na jana'iza, mata kuma suna ciki, zana ce kawai tsakaninmu da su. Da liman ya gyara murya zai buɗe, na miƙe tsaye. Ƙanena ya kama mini riga na fizge.

Liman ya ce, "Zauna, ɗana, yau ranar addu'a ce."

Na ce, "Allah gafarta Malam, addu'ar za a yi. Amma sai an san wadda ake yi ma."

Na faɗi komai, tun daga ranar da aka shigo da mutumin a kan ƙyaure har wutar da ta cinye kwandon, har da wautata. Sannan na ce, tambayar da tafinta ya yi ran nan ita zan maimaita. Akwai wanda ya ga ƙirgi a hannun mamacin?

Aka yi tsit. Na ce a raina yau ma haka za a tashi. Sai wata murya ta fito daga bayan zana, muryar tsohuwa. Matar mai ƙirgi ce, uwar mamacin.

"Ni na jiƙa shi," ta ce. "Da hannuna na jiƙa ƙirgin a ƙwaryar wankina, ubanshi ya ɗaure. Ita ba ta yi mishi komi ba sai wanki. Ta ce a kai shi birni, na durƙusa na roƙi a kai shi, anka ce in yi shiru. Na yi shiru. Ku gaya mata, don Allah wani shi gaya mata."

Mai ƙirgi ya sunkuyar da kai a kan sandarsa, bai musa ba. Mahauci ya ce, "Na gani." Mai haƙar rijiya ya ce shi ma ya gani. Daga nan sai bakuna suka buɗe ta ko'ina, wannan ya gani, wancan ya gani, har da waɗanda na tabbata ba su wurin. Ina tsaye ina kallonsu. Ashe duk suna da baki. Ashe maganar ba ta fi ƙarfin numfashi ɗaya ba, suka bar ta tana jan ƙafa zuwa gindin gawo duk shekarun nan.

Bayan an watse liman ya kira ni gefe. Ya ce gaskiya ta fito, ya kamata yanzu in huce in ce na yafe musu a madadin gidanmu. Na ce masa, "Allah gafarta Malam, ba ni da wannan ikon. Mai haƙƙin ita ce, kuma mun binne ta."

Ya Allah, ga Goggo nan ta zo gare ka da harshenta mai kaifi da hannayenta masu albarka. Ka gafarta mata abin da ta faɗa cikin fushi, ka saka mata da abin da ta gyara, ka yalwata mata kabarinta, ka ba ta inuwa. Ni kuma ka yafe mini bakina. Sauran mutanen garinmu, kai ka san su fiye da ni.